Lambun Baba a Cikin Kacala

Daga Haɗeja

Zuwa ga ƙanwata Bara'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da mutanen Birniwa. Yaya ƙafar? Maƙwabcina Malam Haris ke rubuta mini, na ce kada ya gyara mini magana.

Kin san tun shekarar babbar ambaliya, wadda muka kwashe awaki a kwalekwale, ciyawar nan kacala ta cinye lambun Baba. Bana na rantse sai na ƙwato shi. Na sa mata wuta, ta fito ta fi da kauri. Na yi feshi, kwaɗi kawai suka mutu. Sai na bi ta da lauje ina yankewa a ƙarƙashin ruwa, don ruwan ya shiga karan ya ruɓar da saiwar. Wannan ya ci. Duk kakar nan ina ciki har ƙugu, matsattsaku sun sha rabonsu.

Da ƙasa ta bayyana sai na iske rijiya. Amma Bara'atu, bakinta gangar ƙarfe ce. Ni kuwa na san ta Baba da itacen giginya aka ɗaure ta. Ina tsaye ina kallo sai ga 'ya'yan marigayi Tasi'u suna ta godiya, wai na share lambun ubansu saboda zumunci. Har kaza suka kawo. Liman ma ya yabe ni a masallaci. Kazar kuma an riga an ci.

Ni ne fa ake kira in nuna iyaka idan an yi rigima a fadamar nan. Yanzu kogin ya sake hanya, itatuwan da nake kwatance da su sun faɗi. Mai unguwa ya ce in an gama shara ni zan nuna wa kowa nasa. In na kasa, na Baba zai shige cikin na wasu.

Ke kaɗai kika rage cikin masu kai wa Baba abinci can. In kin fito daga gari za ki lambun, burtali a damarki yake ko a hagu? Kuma anya Baba bai sake bakin rijiyar ba shekarar da na tafi ci-rani? Ki aiko da amsa, amma kada yara su ji.

Ba zan zauna jira ba. Gobe bayan asuba zan wasa lauje in shiga ta gabas. In nan ma ba namu ba ne, to wasu marayun sun samu lambu.

Ki gaida kowa. Allah ya bar mu tare.

Ni ne yayanki,
Gambo Usaini