Na Yi wa Baba Alkawarin Idon da Babu Shi

Anti Mariyamu, don Allah ki taimake ni. Maganar nan ban taɓa faɗa wa kowa ba, har ƙawata Rachael.

Shekarata sha shida, a unguwar Kpakungu muke. Babana mai gyaran agogo ne, shekara biyu ke nan da ya makance. Yayata Kafayatu tana karanta lissafi a jami'a, aikinta na ƙarshe a kan wata 'yar na'ura ne da ake dasa wa makafi. Ita dai a kwamfuta take lissafa yawan lantarkin da zai taɓa jijiyar ido ta amsa ba tare da ta lalace ba.

Ni nake yi wa Baba karatu. Wata rana ya ce in karanta masa takardun Yaya. Anti, lambobi ne zalla, ban gane komai ba. Ni kuma littattafan soyayya sun cika min kai, sai kawai na ƙirƙira. Na ce Yaya ta kusa gama haɗa ido, zai sake ganin fuskar Mama. Ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba.

Daga baya na bugi cikin Yaya. Ta ce ko waɗanda aka dasa wa a ƙasashen waje ɗige-ɗigen haske kawai suke gani, nata kuwa bai ma fita daga kwamfuta ba.

Yanzu Baba ya ƙi karɓar sandar da amininsa Malam Ndaliman ya kawo masa, wai ya kusa warkewa. Kullum yana goge kayan aikinsa. Ranar Juma'a ya faɗa kwata a hanyar masallaci, goshinsa ya fashe. Na rubuta masa gaskiya a takarda, sai na tuna ni ce zan karanta masa. Na sha kuka. Wannan wasiƙar kam na liƙe ta, zan ba Rachael ta kawo miki kafin in yaga ta kamar sauran da na rubuta a baya.

'Yar Mai Agogo

'Yata, ƙauna ce ta sa ki, amma ƙarya kika yi, kuma ga jini a goshin mahaifinki. Kada ki bari wata Juma'ar ta zo a haka.

Fara da Kafayatu, yau. Za ta yi faɗa, ki daure. Sannan ku zauna da Baba tare da Mama. Ke ki nemi gafara da bakinki, ita ta bayyana masa aikinta yadda yake: aiki ne mai daraja, amma ba a iya sa masa ranar gamawa. Batun idonsa kuwa, likita ne zai faɗa.

Zai ji zafi, wataƙila ya yi kwanaki bai kula ki ba. Ki ci gaba da yi masa karatu, abin da ke rubuce kawai. Ki roƙi Malam Ndaliman ya dawo da sandar, ke ki fara raka shi da ita har bakin layi.

Allah ya ba shi haƙuri, ya sanyaya miki zuciya.

Anti Mariyamu