An Soke Tashar, Ba a Goge Lambar Ba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Mama na gaishe ka, tana kuma tambaya ko hannunka ne ya karye da ba ka rubutu.

Bangon ɗakinta ya ƙara tsagewa, yanzu hannuna yana shiga. Ka san tun ranar da mutanen tashar lantarki ta kwal suka rubuta jar lamba a ƙofarmu suka kafa mana sharaɗi: wanda ya gyara gidansa ko ya tashi, ya rasa sabon gidan da za a ba shi. Shekara shida ke nan ba mu buga ko ƙusa ba. Mama har yau gawayi take ce wa kwal ɗin. Wai ita da ta tsufa tana hura shi bai taɓa kunna mata fitila ba.

Damina ta kusa, kuma wallahi tsoro nake ji. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka, Auta

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi miki albishir cewa an soke aikin tashar gaba ɗaya. Na karanta sanarwar da idona. Allah Ya raba ku da hayaƙi da toka. Ki kira magini gobe ya tayar da bangon. Ki gaishe min da Mama da kyau.

Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Albishirinka ya iso, amma ka dakata da murna.

Na kira maginin. Yana ganin ƙofar ya ja da baya, ya ce, “Ki rufa min asiri. Gida mai lamba? Bara a irinsa aka ƙwace min kayan aiki.” Na je ofishin kamfanin a goge mana lambar, na tarar da kwaɗo a ƙofa, kujeru a kife. Mai gadi ya ce min tashar aka soke, filin kuwa har gobe nasu ne a takarda. Na ce to wa zai goge? Ya ce wanda ya rubuta. Na ce yana ina? Sai ya ɗaga kafaɗa.

Ka ga ke nan babu tasha, babu sabon gida, kuma babu halin gyara tsohon. Na gaji, Yaya. Sai na ji daga gare ka.

Auta

Auta,

Na gaishe ki. Raina ya ɓaci matuƙa, domin ni na ce ku jira tun farko. Ku bar gidan. Zan turo mota ranar Asabar, na share wa Mama ɗaki. Allah Ya tsare.

Yayanki

Yaya,

Gaisuwa. Kada ka turo motar.

Na zaunar da Mama na faɗa mata komai. Ta yi dariya ta ce, “Yaro dai yaro ne. Dabara ce, so suke mu tashi da ƙafarmu su ce ba ma nan. Na jira shekara shida, sai yanzu zan ba su?” Na yi kuka, na roƙe ta, ta ce in miƙo mata matashi.

Jiya an yi ruwan farko, ƙasa ta zubo har bakin gadonta. Na kwashe shimfiɗata na koma ɗakinta, ni ce mai kwana a jikin bangon.

Ka yi mana addu’a.

Auta