Makullin Wuyan Mashin Ya Kusa Sa a Kashe Mani Miji

Assalamu alaikum Malam Babaji. Don girman Allah ka taimake ni da shawara, kuma kada ka sa saƙon nan a layi sai wani satin. Ina rubutun nan ne makullin mashin ɗin mijina yana ƙulle a bakin zanena, shi kuma yana zaure tun safe da kayan aiki a jikinsa, ko ƙofar ɗakina bai kalla ba.

Maigidana mai aikin famfo ne. A Kambarawa muke zaune, amma aikinsa ba ya da unguwa. Duk inda aka kira shi cikin Katsina nan zai nufa, yau Ƙofar Kwaya, gobe can bayan gari wurin sabbin gine-gine inda ba wanda ya san fuskarsa. Sannan yana da i'ina. In hankalinsa kwance yake sai ku sha hira ka manta yana da ita, har tsokana gare shi, ni na san irin wadda nake sha. Amma in ya tsorata ko ransa ya ɓaci, shi ke nan, magana sai ta tsaya mashi a maƙogwaro. Ya yi ta buga ƙafa, ido ya yi ja, ko sunansa ba ya iya idawa.

An taɓa sace mashi mashin a ƙofar masallaci. Ya fito da takalmi a hannu ya tarar da wurin wayam. Sai da muka ji jiki sosai kafin Allah Ya hore wannan da yake hawa yanzu. Tun daga nan, ko ruwan leda zai tsaya saye sai ya murɗe kan mashin ya kulle wuya, ya jijjiga ya tabbatar. Ni ban taɓa ganin laifinsa ba, don da mashin ɗin nan muke ci, da shi ake kai ɗiyarmu makaranta.

To, tun ƙarshen damina makullin ya fara gardama. Zai sa makulli ya murɗa, ya ƙi. Wani abokinsa ya ce ya ɗiga baƙin mai a ramin, ya ɗiga, abin ya yi sauƙi na ɗan lokaci, daga baya ya dawo ya fi da muni. Na yi magana har na gaji ya kai wa bakanike, kullum sai gobe. Sai ya samo dabararsa: ya hau bisa mashin, ya tokare kan da ƙafa ɗaya, ya fizga da ƙarfi yana murɗa makulli har ya buɗe. Ashe, Malam, haka ɓarayin mashin ke yi in za su karya wuya. Ni ina na sani, ina cikin gida?

Ranar Alhamis da ta wuce wani dattijo, Alhaji Talle, ya kira shi gyaran tankin ruwa a Ƙofar Guga. Ya gama aiki bayan azahar, ya yi sallama, ya fito lungun da ya aje mashin. Makulli ya ƙi. Ya hau ya fara wannan fizgar tasa. Ashe unguwar an addabe su da satar mashina, samari a ƙule suke, jira kawai suke. Wani ya tsaya a kansa ya tambaye shi mashin ɗin wa ne. Ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Aka sake tambaya, ya fara buga ƙafa. Aka fizge jakarsa aka zazzage: guduma, sifana, filaya, zarton yankan ƙarfe. Wani ya ce ai ga shi makullin ma ba nasa ba ne, da nasa ne da ya buɗe. Takardun mashin kuwa suna cikin akwatina, don ni na hana shi yawo da su kada a haɗa da su a sace. Daga nan sai ihun ɓarawo.

Malam, nan take suka far mashi. Sun dake shi. Sun kayar da shi cikin kwata suna duka, yana ɗaga hannu yana nuna ƙofar gidan da ya fito, ba wanda ya kula. Shi da kansa ya ji wani yana cewa a kawo fetur. Matar Alhaji ce ta leƙo jin hayaniya ta gane rigarsa, ta ƙwala ihu. Alhaji Talle ya fito ko takalmi babu, tsoho da shi, ya kutsa ya faɗa bisa mijina yana rantsuwa yanzu yanzun nan mutumin nan ya sauko daga kan tankinsa. Da Alhaji ya kishingiɗa bayan sallah, da yau takaba nake.

Aka kawo mani shi riga a yage, leɓe a fashe, haƙarƙari ba ya taɓuwa. Mashin ɗin kuwa a bayan motar ɗaukar kaya aka kawo shi, wuya a kulle. Ka san abin haushi? Ƙanensa Mahmud ya zo dubiya, ya sa makulli, ya ɗan taɓa kan a hankali, abin ya buɗe kamar bai taɓa gardama ba. Wallahi ji na yi kamar in ɗauko taɓarya in rotsa mashin ɗin.

Na ce a cire makullin wuyan nan gaba ɗaya a jefar. Maigidana ya ce in an cire, mashin ba zai ga ƙarshen wata ba, gara ya aje shi a bakin titi ya rubuta a ɗauka. Mahmud ya ce a sayar kawai ya riƙa hawa na haya, to buhun kayan aikin fa, da bututun da yake ɗaurowa? Innata kuma ta ce ya bar zuwa unguwannin da ba a san shi ba, alhali can aikin yake. Ni kuma bakina ya ja mani: na ce ko za a rubuta mashi kati ya rataya a wuya cewa yana da i'ina, a yi mashi uzuri. Kallon da ya yi mani, tunda aka ɗaura mana aure bai taɓa yi mani irinsa ba. Ya tashi ya fita.

Yau da safe na ga ya sa kayan aiki, yana ɗingishi, zai fita da mashin ɗin nan yadda yake, ba gyara ba komai. Sai na ɗauke makullin. Ya duba bisa taga, ya duba aljihu, ya kalle ni. Ya san ni ce. Bai tambaya ba, kuma na san dalili: ransa a ɓace yake, in ya buɗe baki maganar za ta tsaya, ba ya son in ga haka. Ni kuma wannan shirun ya fi duka ciwo a wurina.

Malam, ina tsoro. In na ba shi makullin nan ina ganin kamar ni na miƙa shi. In na riƙe, na raina mijina na kuma hana mu abinci. In an cire makullin a sace mashin, in an bar shi a kashe mai mashin. Ina zan sa kaina?

Matar mai aikin famfo, Kambarawa

*

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na tsallake saƙonni da dama na fara da naki. Allah Ya ba maigidanki lafiya, Ya saka wa Alhaji Talle da iyalinsa da alheri. In ba a duba haƙarƙarin nan a asibiti ba, a duba.

Ku biyun kowa yana da gaskiyarsa. Ke kin yi daidai da kika ce mashin ɗin nan ba zai sake fita a haka ba. Shi ma ya yi daidai da ya ƙi yarda a bar shi ba tsaro, don wanda aka taɓa yi wa sata ya san abin da yake gudu. Kuskurenku ɗaya ne: kun ɗauka makullin wuya shi ne tsaron babur. Ni ma babur nake hawa shekara da shekaru, kuma ina tabbatar miki shi ne mafi rauni a duk abin da ake kulle babur da shi. Ɓarawon da ya ƙware ba ya ɓata lokaci a kansa. Saboda haka rigimar a cire ko a bari ba ta kai ta raba ku ba.

Ki kwance makullin nan ki kai masa da hannunki, ki ba shi haƙuri a kan ɗaukewar da kuma maganar kati. Tsoro ne ya sa ki, na sani, amma magidanci mai sana'a a hannu ba zai rataya lalurarsa a wuya yana yawo da ita ba. Sannan ki roƙi abu guda: tafiyar farko da babur ɗin zai yi ta zama wurin bakanike, shi da Mahmud. A canza gidan makullin gaba ɗaya, sabo da sabbin makullai. Wanda aka sha fizga da ƙafa ƙarfen cikinsa ya riga ya lanƙwashe, lallashi ba zai gyara shi ba, kuma hawa babur da irinsa hatsari ne a kan titi.

Ga abin da zai kiyaye ko bayan an sa sabo. Yawanci makullin wuya yana cijewa ne saboda nauyin kan babur ya danne ɗan ƙarfen da ke kulle shi, musamman in tayar gaba ta tokari dutse ko bakin kwata. Ƙarfi ƙara danne shi yake yi. Sai a ɗan ja babur baya, a tura kan a hankali ta ɓangaren da aka kulle shi, ana girgizawa kaɗan-kaɗan ana murɗa makulli da yatsu. Abin da Mahmud ya yi ke nan ba tare da ya sani ba. Baƙin mai da man gyaɗa tara ƙasa suke yi su zama laka a ciki. A yi amfani da man feshi da ake sayarwa don makullai, ko garin bakin fensir. In haƙoran makulli sun cinye, a yanka wani daga na ajiya, kuma a daina rataya masa tarin makullan gida.

Tsaro kuma a yi shi hawa-hawa. Ya sayi sarƙa mai kauri da kwaɗo mai kyau, ya riƙa zarge ta a tayar baya da jikin babur ya ɗaure da turke ko ƙarfen taga, kwaɗon yana sama ba a ƙasa ba inda za a samu wurin dukansa. Bakanike ya sa masa ɓoyayyen maɓalli mai yanke wuta wanda shi kaɗai ya san inda yake. In da hali, a ƙara da na'urar bin sawu. Mafi sauƙi duka, duk gidan da ya je aiki ya nemi a bar shi ya shigar da babur zaure ko cikin get. Wanda ya yarda ka hau tankinsa ba zai hana ka zaurensa ba. Takardun asali su zauna a akwatinki, amma kwafinsu ya kasance a aljihunsa, da hotonsu a waya.

Yanzu ga wadda na fi so ku yi. A kai babur wurin mai fenti, a rubuta a jikin tanki, hagu da dama, da manyan baƙaƙe: sunansa, mai aikin famfo, da lambar wayarsa. Ɓarawo ba ya son babur mai suna, don sai ya sha aiki kafin ya sayar. Talla ce kuma ga sana'arsa. Sannan ranar da wani ya tsaya a kansa yana tambayar babur ɗin wa ne, ba sai ya ce komai ba. Ya nuna lambar, a buga, wayar ta yi ƙara a aljihunsa.

Duk da haka ya riƙe doka ɗaya. In makulli ya ƙi a inda ba a san shi ba, ya ɗauke hannunsa daga babur nan take, ya koma gidan da ya yi wa aiki, ya fito da maigidan ya tsaya kusa da shi, sannan ya taɓa. In ba kowa, ya kira Mahmud ya zauna ya jira. Ko aikin yini zai tafi, ya tafi. Kuma ina ganin ya kamata Alhaji Talle ya kai maganar nan ga mai unguwa, a tara samarin nan su ga fuskar wanda suka kusa kashewa, su nemi gafararsa. In yana son ya kai ƙara wurin hukuma, haƙƙinsa ne, kada kowa ya hana shi.

Ku kuma masu karatu, musamman matasa masu tsaron unguwa: na san zafin sata, an yi mini. Amma wanda kuka kama, hukuma ake kai wa, ba ku da hurumin dukansa balle kiran fetur. In kun tambayi mutum ya yi shiru, ku saurara masa. Akwai bayin Allah da sai sun ja numfashi sau da yawa kafin sunansu ya fito, kuma ranar Alhamis ɗin nan saura kaɗan ku kashe ɗaya yana tsakiyar ƙoƙarin faɗin nasa.

'Yar'uwa, tashi ki je zaure. Allah Ya sanyaya zuciyarsa da taki, Ya tsare shi a fitarsa, Ya dawo miki da shi kullum da ƙafarsa.

Malam Babaji