Sai Marigayi Ya Zo da Kansa

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Ban yi karatu mai nisa ba, in kin ga ina ta kewaye-kewaye ki yi haƙuri, haka nake tun da maigidana ya rasu.

Direban tasi ne. Ranar da abin ya faru, da safe, yana wanke motarsa a ƙofar gida ya ce in miƙo masa tsumma. Kafin in fito ya zauna a ƙasa ya jingina da taya. Na ɗauka hutawa yake, har na yi masa tsiya. Ƙanensa da muke kira Auta, ko da yake furfura ta fara masa sallama, shi ma direba ne, motar gidan burodi yake ja, gidansu kuma na jikin namu. Shi ya ɗauke shi ya kwantar a kujerar bayan tasin, ya kai mu asibiti. Ba mu daɗe da isa ba likita ya fito yana kallon ƙasa.

Auta ya ce bari ya koma ya ɗauko mahaifiyarsu. Yana tuƙi yana kuka, bai san sanda ya shiga titin da ba a bi ta wannan hannun ba, 'yan sanda suka tare shi. Takardun mota da sunan yayansa, lasinsa kuma yana aljihun wandon aiki a gida. Ya ce musu mai motar yanzu ya rasu, suka ce kowa aka kama haka yake cewa. Suka tafi da shi da motar ofishinsu. Aka binne maigidana babu Auta, muna ta neman wayarsa a kashe. Sai washegari muka san inda yake.

An shiga mako na uku yana bayan kanta. Ba a kai shi kotu ba, ba a gaya mana laifin da ake tuhumarsa da shi ba. Sajan ɗin da ya karɓe shi ya rubuta a littafinsu cewa a sake shi idan mai mota ya zo da kansa, daga nan aka tura shi kwas wani gari. Sauran suka ce ba mai ikon soke rubutun wani. Na kai takardar mutuwa ta asibiti, mai gilashin da ke zama a kanta ya karanta ta gaba da baya, ya ce lallai ta nuna mutumin ya rasu, amma ba inda ta ce ya yafe zuwa. Wani ya ce in kawo hotonsa, na cire wanda ke bangon ɗakina na kai, aka ce hoto ba ya sa hannu. Na ce to a ba mu belinsa, aka ce beli na masu laifi ne, shi kuwa ba a ce ya yi laifi ba, ba tsare shi aka yi ba, jira yake. Babbansu kuma kullum ya tafi taro.

Abin da ya ƙara rikita ni, Anti, motar sintirinsu tsohuwa ce, ba ta tashi sai an tura, direbansu kuma ya karye a ƙafa. Wata safiya Auta ya jiyo daga ciki suna ta fama da ita, halin direba, ya kasa haƙuri, ya ɗaga murya ya ce a daina taka mata mai haka za a shaƙe ta. Suka fito da shi, ya lallaɓa ta ta tashi. Tun daga ranar shi ke jan su. Lasin da na kai musu, da safe sai su miƙa masa tare da bel ɗin wandonsa da igiyar takalminsa, ya kai su aiki, ya kai yaran babbansu makaranta, da yamma su karɓe kayan su mayar da shi ciki su rufe. A wannan titin da aka kama shi yake ajiye su, yana zaune a kan sitiyari ana kama wasu. Ya ce ma ta hannun da ba a bi ɗin suke sa shi shiga, wai ya fi kusa.

Ran nan muna zaune da masu zuwa gaisuwa sai muka ji jiniya, mata suka fara neman takalma. Ashe 'yan sandan ne suka zo mana ta'aziyya, Auta ne ya jawo su. Suka cire huluna, suka yi addu'a mai kyau, wallahi har ɗaya ya share hawaye. Auta ya durƙusa gaban mahaifiyarsa suka yi kuka, ya shiga ya ga matarsa da ke da tsohon ciki. Ni na ɗauka shi ke nan, tunda da ƙafarsu suka zo makokin mai mota. Da suka tashi tafiya sai suka ce Auta ya zo ya mayar da su, kuma su ba su da hurumin barinsa a nan. Mai gilashin har ya juyo daga bakin ƙofa ya ce mini in na samu hali in turo maigidan a gama maganar. Ban san ko mantuwa ya yi ba.

Yanzu gidan ya rabu. Kawun su Auta ya ce kada a kuskura a kai lauya, mutanen nan suna mana mutunci, in aka fusata su za su rubuta cewa satar motar ya yi. Matar Auta ta ce ita ba ruwanta da mutunci, mijinta take so kafin ta haihu. Mai gidan burodi ya aiko cewa ya yi iya haƙurinsa, in wata ya ƙare zai ba wani motar. Shi Auta in na je sai ya yi ta dariya, wai Yaya kada ki damu, har shayi suke ba ni, ɗaya ma ya ce in nemi aikin gaba ɗaya. Amma na ga yadda wuyansa ya zurma, kuma ya tambaye ni a hankali ta wane gefe aka sa ɗan'uwansa a maƙabarta, don suna wucewa ta wajen kullum ba ya iya cewa a tsaya.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Sau da yawa in na je, sabon mutum nake tararwa a kanta, sai na sake faɗa da bakina cewa mijina ya rasu, in ji kamar ranar aka yi. Amma idan suka ce sai ya zo, wani abu yakan yi mini sanyi a ƙirji. Kowa ya daina jiransa, har ni na daina dafa abincin mutum biyu, su kaɗai suka rage suna sa ran ganinsa. Wani lokaci nakan zauna a bencinsu ina kallon ƙofa. Ina tsoron ko shi ya sa ban tayar da hankalin kowa ba, bawan Allah yana kwana a siminti saboda ya taimake mu.

Anti, shin doka ta yarda a ajiye mutum haka ba tuhuma? In na kai lauya zan jawo masa abin da ya fi wannan? Ki gaya mini abin yi, kada yaron nan ya zo duniya ubansa na bayan kanta.

Daga matar mai mota.

Amsa

'Yar'uwata, Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba ki haƙuri. Na karanta takardarki na yi dariya a wurin da bai kamata ba, daga baya na sake karanta ta ba dariya.

Ni ba lauya ba ce, kuma dokoki sun ɗan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma ginshiƙin kusan ɗaya ne. Mutumin da aka rufe wa ƙofa, ba shi da ikon tafiya gida, tsare shi aka yi, ko wane suna aka sa wa abin. Wanda aka tsare yana da haƙƙin a gaya masa dalili, a bar shi ya ga lauya da iyalinsa, sannan cikin ɗan lokaci, galibi kwana ɗaya ko biyu, a gurfanar da shi gaban alƙali ko a sake shi. Ba a riƙe mutum jingina don wani ya zo, ko da wanin yana raye. Cewa ba a ba da beli sai an tuhumi mutum juya magana ne: in babu tuhuma, babu abin da za a riƙe shi a kai. Rubutun sajan kuwa ba doka ba ne, babbansu na iya warware shi da sa hannu ɗaya.

A yi musu adalci ta wani gefen. Auta ya bi hannun da ba nasa ba, babu lasi a jikinsa, motar kuma da sunan wani, tsayar da shi ranar ba laifi ba ne. Amma irin wannan yawanci tara ce ko sammaci, kuma an riga an kawo lasin da takardar asibiti. Ina kyautata zaton ba mugunta ce ke riƙe da shi ba, tsoron ɗaukar nauyi ne, ga kuma direba ya faɗo musu a kyauta. Ki lura, tuƙin nan haɗari ne a gare shi. In ya buge wani da motar hukuma, duk masu ba shi shayi za su ce ba su san wanda ya ba shi makulli ba. Ku gaya masa ya daina, cikin ladabi, ya ce ba zai iya ba. Kada kuma ya sa hannu a kan takardar da bai karanta ba, ko ya ba da wani bayani ba lauya a wurin.

Tsoron kawu ba shirme ba ne, ana yin haka. Sai dai an fi samun damar ƙaƙaba wa mutum laifi idan ba wanda ya san yana ciki. Zuwan lauya shi ne kariyar. Gobe da safe ki tafi da matarsa ko wani babba a dangi ofishin da ke ba marasa hali lauya kyauta, ko hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, in ba ku san inda suke ba ku tambaya a kotu mafi kusa. Ku riƙe kwafin takardun mota, da na asibiti, da ranar da aka kama shi, asalin takardun kuma su zauna a hannunki. Ku ambaci zuwan da suka yi gaisuwa, duk waɗanda ke wurin shaida ne cewa sun san mai motar ya rasu. Lauya zai rubuta wa babbansu, in bai saki ba ya roƙi kotu ta ba da umarni a kawo Auta gabanta a faɗi dalilin riƙe shi. Sau da yawa ba a kaiwa nan ake buɗe ƙofa. Kada ku ba kowa komai a bayan fage. Maganar karɓo motar ta magada ce, a bi ta daban, kada a bari su ƙulla ta da sakin mutum. Wani kuma ya je wurin mai gidan burodi yau, ya nuna masa an kama hanya, ya roƙi ƙarin kwanaki.

Batun zamanki a benci, kada ki hukunta kanki. Wanda ya yi rashi yakan raɓi duk inda ake ambaton nasa kamar yana nan, ba ke kika rufe Auta ba. Amma ki bar zuwa ke kaɗai, ki bar lauya ya riƙa faɗin wannan kalmar a madadinki. Akwai wanda ya fi 'yan sanda cancantar ku zauna ku yi ta hirar marigayi tare, shi ne ƙanensa, wanda ya ɗauke shi a hannu bai kuma samu yi masa bankwana ba. Ki fito da shi, ranar da ya fito ki sa a raka shi kabarin, sannan a mayar da shi ga matarsa.

Allah ya sauke ta lafiya yana tsaye a bakin ƙofa, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.