Jan Fentin da Kuka Bari a Bakin Rijiyar Ubana

Zuwa ga shugaban mutanen da suka zo da farar mota suka ɗebi ruwan rijiyarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Ranka ya daɗe, ka yi mini afuwa da ban kira sunanka ko na ma'aikatarka ba, ban san su ba ne. Mutanenka ba su bar mana takarda ko lambar waya ba. Na shiga buro biyu, wato ofisoshin gwamnati, a Illela, na tambaya a Konni, kowa ya ce ba nasu ba ne. Shi ya sa na fito da maganar fili, ko Allah zai sa ta faɗa kunnenka.

Sunana Illiyasu, ana ce mini Illo mai albasa. Noman garka nake yi a wani ƙauye cikin kwarin Badaguishiri. Rijiyar da nake magana a kanta marigayi ubana ne ya haƙa ta tun ba a haife ni ba. Ita unguwarmu take sha, ita nake ban ruwa da ita.

Na ɗaya. Ana saura 'yan kwanaki azumi, da hantsi, mutanenka uku suka iso, maza biyu da mace guda mai gilashi. Ni na ja musu guga da hannuna. Suka cika kwalabe huɗu suka sa a akwatin sanyi. Sai matar ta ciro wata 'yar farar takarda siririya ta tsoma a ruwan. Kafin in gama naɗe igiya takardar ta koma ja-ja, kamar zoɓon da aka tsinka. Ta jefar ta tsoma wata, ita ma haka. Suka dubi juna, suka shiga Faransanci ƙasa-ƙasa. Na yi lakwal, makarantar boko, shekara shida, kunnena bai mutu ba, amma da suka ga na matso sai suka ƙara sauri. Daga nan matar ta juyo ta ce, "Baba, akwai jarirai masu shan ruwan nan?" Na ce a gidana dai babu. Ta ce, "To, alhamdu lillahi." Ranka ya daɗe, wannan hamdalar ce ta hana ni sukuni har yau. Ɗaya daga cikin mazan ya shafa jan fenti a bakin rijiyar ya rubuta lamba, suka ce nan da sati biyu za mu ji sakamako. Yau wata bakwai ke nan.

Na biyu. Shirunku ya haifar mana da malaman kimiyya a kowace majalisa. Wasu sun ce so ake a rufe rijiyoyi don a tilasta mana ruwan fanfo. Wasu sun ce ba ruwan ake awo ba, ƙasar ake nema, an hango farin dutsen siminti irin na Malbaza a ƙarƙashin garakenmu. Akwai wanda ya rantse ja alama ce ta ruwa mai kyau, amma na lura jakinsa ya daina zuwa rijiyar. Ni ban gaskata ko ɗaya ba, ban kuma ƙaryata ba. Abin da na sani, da labari mai daɗi ne a cikin kwalaben nan, da tuni kun dawo da masu ɗaukar hoto. Ina zargin an karanta sakamakon a ɗakin taro mai sanyi, an buga masa tambari an sa a durowa. Idan na zalunce ku da wannan zato, ku zo ku kunyata ni, zan ji daɗin kunyar.

Na uku. Kada a ce wani baƙauye ne ke gaba da ilmin zamani. Ubana ma yana da nasa awon. Ba ya barin mai yasa ya shiga rijiya sai ya zura fitila da igiya, idan ta mutu ya ce iskar ƙasa ba kyau, yau ba shiga. Ruwa ya yi laka, Inna ta daka 'ya'yan zogale ta zuba, kafin azahar ya kwanta garau. Wake kuwa da toka ake ajiye shi ya kai wata shekara. Ni kuma na ga abin da zamani ya zo da shi. Shekarar da amai da gudawa suka shigo mana, ɗigon ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta a tulu ne ya tsare gidaje da yawa. Farin takin nan na buhu shi ya mai da albasata ta cika tafin hannu, da shi na rufa ɗakina da kwano. Bambancin kawai, fitilar ubana idan ta mutu kowa yana gani, a take yake faɗa wa mutane ma'anarta. Taku takardar ta yi ja a gabana, kuka shiga mota da ma'anar.

Na huɗu, kuma wannan shi ne mai nauyin faɗa. Ban daɗe da fara zargin ku ba na soma zargin kaina. Ubana ya bar fili taku arba'in kewaye da rijiyar, ba shuka, ba turken dabba. Muna yara muna ganin asarar ƙasa ce kawai. Bayan rasuwarsa albasa ta yi daraja, na riƙa cin filin nan kaɗan-kaɗan, har ta kai yanzu fangalina na ƙarshe taku shida ne daga bakin rijiya. Mu nan ba ma auna taki. Da ido muke zubawa, kuma ba albasar muke kallo ba, garkar maƙwabci muke kallo. Ya watsa tiya biyu, kai ka watsa uku don kada ganyensa ya fi naka duhu. Nakan wanke famfon feshi a kwamin da ke gefen rijiyar, ruwan wankin ya nutse a wurin. Maganin feshin ma a kwalbar lemo nake sayensa, ba suna ba rubutu, mai sayarwa ya ce mai ƙarfi ne, na ce madalla. Ban san ko abin da nake zubawa a sama yana bin ƙasa ya iske ruwa ba. Ku kuka sani. Tun bayan zuwanku na daina wankin a wurin, amma ban san ko na makara ba.

Na biyar. Tambayar da ma'aikaciyarku ta yi mini, amsarta ta canja. 'Yata Rabi ta dawo gida haihuwar fari, Allah ya sauke ta lafiya, ta sami 'ya mace. A gidanmu akwai al'adar da ubana ya bari: ranar suna, mai gida yakan ja sabon guga ya ɗiga wa jariri ruwan rijiyar a harshe. An yi mini, na yi wa 'ya'yana bakwai. Ranar sunan nan na ja gugan, na tsoma yatsa, aka miƙo mini yarinyar. Ta buɗe ɗan bakinta. Sai jar takardar nan ta faɗo mini a rai. Na goge yatsana a riga, na tofa mata addu'a na mayar da ita.

Mahaifiyata tana zaune tana kallo. Ta tsufa ƙwarai amma idonta ras. A gaban mata ta ce, "Kai Illo, ruwan da munka sha munka tsuhwa, shi na kaka ma ƙyama? Rijiyar ubanka ta fa!" Ni kuwa ba ni da hujja sai launin takarda da hamdalar baƙuwa. Yau kwana goma sha ɗaya tana amsa gaisuwata da kai kawai. Ruwan shan mai jego kuma daga fanfon wani ƙauye nake ɗauko shi da amalanke, tafiyar awa guda zuwa, awa guda dawowa. Ban sani ba ko jikata nake karewa, ko kuwa tsohuwa nake ɓata wa rai a banza.

Don haka ga roƙona. Ku aiko mana da sakamakon, da Hausa, a karanta a ƙofar mai gari kowa ya ji. Ku faɗa mana sunan abin da ya rina takardar nan, da inda yake fitowa, da ko tafasawa tana kashe shi, don matan unguwa tafasawa suke ta yi ba tare da sanin ko tana da amfani ba. Idan ruwan lafiya lau ne, ku turo wanda ya shafa fentin ya kankare abinsa. Idan kuwa takina ne da feshina, kada ku ji nauyina. Ku faɗa a gaban jama'a. Da hannuna zan tuge albasar, in mayar wa ubana takunsa arba'in.

Majo, babban malamin asibitinmu, ya ce nono kaɗai za a ba yarinyar har wata shida. To, wata shida ba nisa. Ranar da za ta fara shan ruwa tana tafe, kuma uwarta ni za ta kalla ta ce, "Baba, wanne za a ba ta?" Ina roƙonka don Allah kada ranar nan ta same ni ba amsa.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya raya maka zuri'a, ya sa kada ka taɓa tsayawa da jikanka a hannu kana tsoron ruwan gidanka.

Wassalam.

Naka,
Illo mai albasa,
daga kwarin Badaguishiri.