Gadon da Ke Hagu

Lahadi, 9 ga Maris, ƙarfe 4:20 na yamma. Ina kan benci a ƙofar zauren horo, ko kayan ban cire ba.

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar Mama? Ya maigidan da yara? Ni lafiya lau.

Na faɗi jarrabawar kareti. Mu tara muka nemi ɗamara ruwan ƙasa, bakwai suka samu.

Akwai jerin motsi da mutum ke yi shi kaɗai, sunansa kata. Ƙa'idarsa, ka ƙare daidai inda ka fara. Malam yakan manna ɗan tef a ƙasa don shaida. Ban manta motsi ko ɗaya ba, amma da na tsaya, na goce dama da taku ɗaya da rabi. Na auna daga baya, santimita casa'in da huɗu.

Malam ya tambaye ni me ke hagu a ɗakina. Na ce gado. Ya ce ai ya gan shi, tun ɗazu nake kauce masa a tsakiyar fili. Har alƙalai sai da suka yi dariya. Ashe wata biyar da na yi ina maimaitawa a ɗaki, duk juyawar hagu sai na rage taku don kada in bugi ƙarfen gadon, ƙafata kuma ta haddace.

Saura jarrabawa ɗaya, ran 1 ga Yuni. Ran 3 ofis zai tura ni reshenmu na wani gari, ban kuwa ji labarin mai koyarwa a can ba. Idan ta wuce ni, shekara huɗu sun tsaya a nan. Yau zan kwance gadon.

Ki gaida kowa.
Ƙaninki, Auta

Lahadi, 1 ga Yuni, ƙarfe 1:05 na rana, a motar haya.

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Na ji kin gaya wa Mama a ƙasa nake kwana. Ki ce mata bayana lafiya.

Kwana tamanin da huɗu ina maimaita kata, sau talatin kullum, da shaidar alli a siminti. A mako na shida kuskuren ya sauko santimita goma sha ɗaya, sai wata matsalar ta ɓullo: na koma leƙen ƙasa. Malam ya ce idan na sake, zai ɗauka allurar wani na zo nema.

Yau ban leƙa ba. Na gama, na rusuna, na fita idona na gaba. Ɗamarar tana cikin jakata yanzu, Yaya. Na buɗe na duba sau uku.

Abin da ban sani ba har yanzu: ko akwai zauren horo a reshe, ko ɗakin da za su ba ni ya kai mita huɗu, da kuma santimita nawa na goce yau. Na tambayi Malam sau biyu, ya ce in tafi gida.

Ki sa ni a addu'a.
Naki, Auta