Farar Bana, a Yafe Mata

Unguwar Rimi, Kaduna

Gwaggo Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar taki? Ya Kawu da yara, ya kuma aka ji da fara?

Shekaranjiya dattawan garinmu suka iso ma'aikatar gona da damin geron da fara ta cinye. Suka dire shi a ƙofar kwamishina, suka ce ba sa tashi sai an duba su yadda aka duba garuruwan manya. An amince za a je feshi. Ranar ce ban sani ba tukuna.

Kaskonki ne ya hana ni sukuni. Na san ki, ba kya ganin fara a ƙasa ki wuce. Wadda feshi ya kayar guba ce, suya ba ta raba ta da dafin. Don Allah kada ki tsinta, kada ki saya, kada su Ummi su ɗanɗana. Za ki ce ta ci geronku, dole ku rama. Bana dai a yafe mata.

Ki gaida Kawu. Ki sa ni a addu'a, Gwaggo, da hannuna zan auna maganin.

Ɗanki,
Sani